A daina raina gargaɗin kompaila

Assalamu alaikum Edita, don Allah ka ban fili in ja kunnen ƙannenmu masu koyon furogiramin a nan Kaduna. Yaro zai rubuta lissafi da yaren furogiramin na C, ya zuba 3.9 cikin int (gurbin da cikakkiyar lamba marar ɗigo kawai yake ɗauka), GCC, wato kompailar da ke fassara wa kwamfuta abin da ya rubuta, ta guntule ta bar mai 3 ko uffan ba ta ce ba, shi kuma ya kwashi amsar ya kai wa malami wai furojet ya kammala. Abin haushin ma -Wall, umarnin da aka saba ba GCC don ta yi gargaɗi, ba ya kama wannan, sai ka ƙara umarnin -Wconversion da hannunka. Roket ɗin Turai Ariane 5 da ya tarwatse a 1996 ai makamancin wannan kuskuren ne sila, wato cusa babbar lamba mai bit 64 a ƙaramin gurbi mai bit 16. Malamai ku ma ku rinƙa dubawa mana kafin ku ba da maki.

Naku,
Wani mai karatu daga Kawo, Kaduna