Baƙonku na Daren Asabar Ya Yi Wa Masoyan Littafi Ƙazafi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ban ji daɗin abin da baƙonku ya faɗa a shirin adabi na daren Asabar ba, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai gabatarwa ya bar shi ya zuba maganarsa har ƙarshe ba tare da ya ce masa "tsaya, Malam" ko sau ɗaya ba. Wai duk labarin soyayyar da masoyan ba su rungumi juna ba, ba su yi sumba ba, labarin matsorata ne, marubucin yana gudun almakashin masu tacewa ne kawai. Har da cewa irin waɗannan masoya gumaka ne marasa jini a jika. Haba Malam! Wane littafi mutumin nan ya karanta?

Ni malamar adabi ce, kuma tare da 'yata muka saurari shirin. Yarinyar nan ta daɗe tana rubuta wani labari a littafin makaranta, tana kawo mini babi-babi ina dubawa. Saurayi da budurwar da ke ciki ba su taɓa ko riƙe hannun juna ba, amma akwai wurin da saurayin ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga ya kasa tafiya, wallahi sai da na ajiye littafin na numfasa kafin na ci gaba. Ana gama shirinku sai ta ce mini, "Mama, ashe labarina bai kai labari ba, sai na koma na ƙara masa abubuwa." Tun ranar ba ta sake kawo mini ko shafi ɗaya ba. Abin da baƙonku ya jawo a gidana ke nan, kuma ban san ko gidaje nawa ya yi wa haka ba.

Na san inda ya samo hujjarsa. Gaskiya ne a Amurka an yi dokar Hays, wadda masu fim suka amince da ita a 1930, aka fara tsananta ta a 1934, ba a ajiye ta ba sai 1968. Ita ce ta hana sumba mai tsawo da duk abin da ke nuna sha'awa a fili, har ma'aurata a fim akan nuna su kowa da gadonsa. Finafinan Indiya ma sun shekara da shekaru suna juya kyamara zuwa ga furanni idan fuskokin masoya sun kusanci juna. Wannan tilas ce, ban musa ba. Amma ya ɗauki wannan guda ɗaya ya shafa wa kowa.

Wace hukumar tacewa ce ta tsaya a kan Kazuo Ishiguro a Ingila a 1989, lokacin da ya fitar da The Remains of the Day? A lokacin babu wanda zai hana marubuci rubuta runguma ko sumba a can. Duk da haka ya rubuta Stevens, babban hadimin gidan wani basarake, da Miss Kenton mai kula da gidan, suka yi shekaru suna aiki a ƙarƙashin rufi ɗaya, suna gardama a kan ma'aikata da tsarin aiki, ba su taɓa cewa suna son juna ba. Kusanci mafi girma da suka yi shi ne ranar da ta same shi yana karatu a ɗakinsa, ya ƙi nuna mata littafin, ta matso ta riƙa ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya daga jikin littafin, shi kuma ya kau da kai ya sandare. Da ta karɓa sai ta ga ashe labarin soyayya yake karantawa. Na karanta wurin nan ban san iyaka ba, kuma har yau idan na zo kansa gabana faɗuwa yake yi. Da ya sumbace ta a nan da littafin ya mutu, domin duk abin da ake ba mu labari shi ne mutumin da ya sayar da zuciyarsa ga aiki har ya rasa yadda zai miƙa hannu. Littafin ya ci kyautar adabi ta Booker a shekarar, aka mayar da shi fim a 1993, marubucin kuma ya karɓi kyautar Nobel a 2017. Shi ne matsoracin?

Haka fim ɗin In the Mood for Love na Wong Kar-wai, na shekarar 2000. Maƙwabta biyu a Hong Kong ta 1962, suka gano mijin wannan da matar wancan suna cin amanarsu, sai suka yi wa juna alkawarin ba za su zama irinsu ba. Suna wucewa ta gefen juna a matsattsen bene, kafaɗa ta kusa taɓa kafaɗa. Ba sumba ko ɗaya a fim ɗin. Jarumin, Tony Leung, da wannan rawar ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin Cannes na Faransa.

Abin da baƙonku bai gane ba, ko ya ƙi ganewa, shi ne wanda ya hana masoyansa taɓa juna aikinsa ya fi wuya. Idan an yi runguma, mai karatu ya gane saƙo nan take, marubuci ya huta. Idan babu ita, dole ya nemo wani abin da zai ɗauki nauyin son: kallon da aka janye da wuri, maganar da aka faro aka haɗiye, wasiƙar da aka karanta har takardar ta yi laushi, hidimar da aka yi a ɓoye ba a so a sani. A Pride and Prejudice na Jane Austen, 1813, babu inda aka nuna Darcy ya sumbaci Elizabeth. Abin da ya yi shi ne ya bi sawun ƙanwarta da ta gudu da wani, ya biya basussukan mutumin, ya sa aka ɗaura aure, sannan ya roƙi a ɓoye sunansa. Duk ajin da na karanta wa wannan wuri, shiru ɗakin yake yi, har da samarin bayan aji da ba sa sauraron komai. Da aka yi fim ɗinsa a 2005 an ƙara wa 'yan kallo na Amurka wata fitowa ta sumba a ƙarshe, amma abin da mutane suka riƙe har yau shi ne lokacin da Darcy ya taimaka wa Elizabeth ta hau keken doki, ya juya yana tafiya yana buɗe yatsunsa kamar wanda ya taɓa wuta.

Kuma ina mamakin mutumin da ake kira masanin adabi ya manta da Laila da Majnun. Ƙais ɗan Mulawwah, wato Majnun, tun ƙarni na 7 ake rera begensa, mawaƙi Nizami ya tsara labarin a waƙe a 1188, kuma duk ƙarfinsa a kan rashin samun juna yake. Larabawa har suna suka ba irin wannan so, suka jingina shi ga ƙabilar Banu Uzra, ta su Jamilu mai Busaina. Ko su ma tsoron masu tacewa suka ji?

Ba na cewa duk labarin da ya kame kansa mai kyau ne. Akwai waɗanda masoyansu ba su taɓa juna ba kuma ba su taɓa zuciyar kowa ba, saboda marubucin bai iya ba. Wannan rashin iyawa ne, kuma cusa masa runguma ba zai gyara shi ba.

Sannan, tunda na ɗauki alƙalami, don Allah ku duba maganar layin wayar nan. Kuna sanar da lamba kuna cewa a kira, mutum ya yi ta kira ba a ɗauka, sai can mu ji an ce lokaci ya ƙure, alhali tallace-tallace sun cinye kusan rabin shirin. Ranar Asabar ɗin nan na kira har aka rufe shirin. Da an ɗauka da a gabansa zan faɗi duk wannan, 'yata tana ji.

Ina roƙonku ku sake ɗauko maudu'in, ku dawo da shi, ku haɗa shi da marubuciya ko malamin da ya karanta littattafan nan, kuma mai gabatarwa ya riƙa tambayar baƙo hujja idan ya yanke hukunci irin wannan. Ku kuma karanta wasiƙar nan a shirin, ba tare da an datse ta ba.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar adabi, mai sauraronku a kullum