A sake duba dokar ta'addanci ta 2014

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan dokar yaƙi da ta'addanci da Kamaru ta kafa a Disamban 2014. Mu mutanen jihar Arewa Mai Nisa ba sai an ba mu labarin Boko Haram ba. Mun binne 'yan uwa a Fotokol da Kolofata, kuma Marwa ba ta manta da bama-baman Yulin 2015 ba. Muna tare da sojojinmu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dokar ta kai farar hula gaban kotun soja, ta tanadi hukuncin kisa, ta kuma yarda a tsare mutum kwana 15 a yi ta sabuntawa. A nan Marwa aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a 2015. Da wannan doka aka yanke masa shekara 10, bai shaƙi iskar 'yanci ba sai Disamban 2017. Shi duniya ta san sunansa. To, ɗan acaɓa ko makiyayin da maƙwabci ya yi wa sharri, wa zai tsaya masa? Garin da aka kwashe samarinsa kuwa ba zai sake tsegunta wa jami'an tsaro komai ba.

Ƙuduri na 1456 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2003, ya wajabta wa ƙasashe kiyaye haƙƙin ɗan Adam a wannan yaƙi. Maƙwabciyarmu Chadi ta soke hukuncin kisa kan ta'addanci a 2020. Ina roƙon 'yan majalisarmu a Yawunde su mayar da shari'ar farar hula kotunan farar hula.

Naka,
Wani malamin makaranta, Marwa