Ba tsayin kumburin fenti ke tsare ƙarfe daga wuta ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana damuna a sana'ata. Ni mai fesa fenti ne a jikin ƙarafan gini, shekara goma sha huɗu ke nan ina yi. Ba fentin ado nake nufi ba, wanda ake shafawa domin ya kare ƙarfe daga gobara nake nufi.

Da yawa suna ganin tunda ƙarfe ba ya kamawa da wuta, ginin ƙarfe ba shi da fargaba. Gaskiya ne sai zafi ya kai wajen digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas kafin ƙarfe ya narke, amma tun yana tsakanin 550 da 600 ya riga ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, ya soma lanƙwashewa a ƙarƙashin nauyin da ya ɗauka. A tanderun gwaji da ke bin ƙa'idar gwajin gobara ta ƙasa da ƙasa, wato ISO 834, zafi yana kaiwa digiri 842 cikin minti 30, ya kai 945 cikin awa ɗaya. Ka ga ke nan ƙarfen da aka bari tsirara ba zai jira kowa ya sauko daga bene ba.

Fentin nan, a ido, ba shi da bambanci da na kullum. Kaurinsa milimita ɗaya ko biyu ne. Amma da zafi ya wuce digiri 200 sai ya yi laushi, sinadaran da ke cikinsa su fara aiki. Amoniyam folifosfet ya saki asid, asid ɗin ya mayar da wani sinadarin gawayi, melamin kuma ya saki iskar da ke hura shi. Sai ka ga ya taso kamar kumfar sabulu, har ya ninka kaurinsa sau hamsin, sannan ya daskare ya zama baƙin soso. Wannan soson shi ke tsayawa tsakanin wuta da ƙarfe na minti 30, ko 60, ko 120, gwargwadon yadda aka tsara.

To ga inda gizo ke saƙar. Duk lokacin da aka yi mana gwajin gani da ido, abin da ake yi shi ne a ɗora ruler a auna tsayin kumburin, kowa ya gyaɗa kai. Ni ma haka nake yi, har ranar da na ɗauki guntayen ƙarfe biyu da na shafa wa fenti daga gwangwani ɗaya, kauri ɗaya. Ɗaya na ajiye a ɗaki, ɗayan kuma ya kwashe watanni a waje ruwan sama yana dukansa, babu fentin rufi a samansa. Na kunna musu wutar gas. Dukansu sun taso, na waje bai kai ɗan'uwansa ba amma shi ma ya yi kyan gani. Da suka huce na sa reza na tsaga. Na ɗaki, cikinsa cike yake da 'yan ƙananan ramuka jere da juna, ya kama ƙarfen gam. Na waje kuwa ɓawo ne kawai a sama, ƙarƙashinsa kogo wanda babban yatsana ya shige, ga shi ya ɗaga daga jikin ƙarfen. Na daɗe a tsugune ina kallonsa, ina tuna gine-ginen da aka bar ƙarafansu a fili bayan mun gama shafa.

Dalilin bambancin a bayyane yake. Iskar da aka kulle a ƙaramin rami ba ta motsi, kuma iskar da ba ta motsi ba ta kai zafi da sauri. A babban kogo kuwa tana zagayawa, sannan tiririn wuta yana ratsawa daga wannan bango zuwa wancan babu shamaki. Tsaga ɗaya da ta taso daga sama zuwa ƙasa ta isa ta zama ƙofa. Har ila yau, lokacin fitar iskar yana da muhimmanci: in ta fito fentin yana ruwa-ruwa, kumfar ta fashe ta haɗe ta zama manyan ramuka, in ta makara har ya taurare, ba zai taso ba. Shi ya sa fenti guda yake ba da ciki iri dabam idan wuta ta zo masa a hankali da idan ta afka masa farat ɗaya.

Sai dai reza tana da matsala. Gawayin nan ko da yatsa ka taɓa shi marmashewa yake, don haka wurin yankawa kana rusa abin da ka zo dubawa. A nan ne aikin masu bincike ya burge ni. Suna amfani da irin na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta asibiti, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙirƙiro aka fara gwada ta a kan majiyyaci a Landan a 1971, amma ƙarama mai kaifin gani. Ana ɗora gawayin yana juyawa a hankali, hasken eksire yana ratsa shi ana ɗaukar ɗaruruwan hotuna, kwamfuta ta haɗa su. Ba tare da an taɓa shi ba, za ka ga girman kowane rami, da kaurin bangonsa, da inda tsaga ta fara da inda ta tsaya. Za ka ga farin ɓawon da ke sama inda gawayin ya ƙone ya bar tokar ma'adinai, da baƙin tsakiya, da kuma ko akwai fentin da ya rage a jikin ƙarfe bai taso ba. Likita ba ya duba fuskar mutum ya ce ƙashinsa lafiya, to me ya sa mu muke yi wa fenti haka?

Batun kamun jikin ƙarfe kuwa, duniya ta riga ta ga aya. Rahoton da hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, wato NIST, ta fitar a 2005 kan tagwayen benayen birnin New York, waɗanda aka kai wa hari da jiragen sama a 2001, ya nuna cewa karon da jiragen suka yi da su ya kakkaɓe rufin kariyar da ke jikin ƙarafan, wuta ta same su a buɗe. Nasu rufin ba irin fentinmu ba ne, amma kariyar da ta rabu da ƙarfe ba kariya ba ce, ko wace iri ce.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kamfanonin da ke yin fentin nan su riƙa nuna hoton cikin gawayin, ba tsayinsa kaɗai ba, kuma su haɗa da na samfurin da ya sha danshi da rana, domin ba ranar da aka shafa fenti gobara ke zuwa ba. Injiniyoyi su daina barin ƙarfen da aka shafa ya kwana a ruwa babu rufi, su kuma daina jibga masa fentin ado mai kauri da zai danne shi ya hana shi tasowa. Idan kuma tsautsayi ya faru, kada a yi gaggawar kankare gawayin a zubar. A yanke guntun ƙarfe da gawayinsa a jiki, a sa a akwati yadda ba zai girgiza ba, a rubuta daga wane ginshiƙi aka ciro shi, a kai wa masu bincike.

Na gode, Edita. Allah Ya kiyashe mu da gobara.

Naka,
Wani mai fesa fentin ƙarafan gini