Taurari ma ana haihuwarsu, a riƙa yi mana bayani a jarida

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa daga Damagaram.

Dan Allah ku buɗe mana filin ilimin sararin samaniya da Hausa. Shekaranjiya da dare muna shan iska a ƙofar gida nan Birni, ɗiyata ta nuna Kaza da 'Ya'yanta ta ce Baba su waɗannan tun yaushe suke, na ce mata ai jarirai ne, shekarunsu wajen miliyan 100 kawai, alhali ranarmu ta kai biliyan 4.6, wallahi sai ta yi shiru tana kallo.

Tauraro daga gajimaren iskar haidurojin mai tsananin sanyi yake fitowa, nauyi ya yi ta matse shi har cikinsa ya kai zafin digiri wajen miliyan 10 sai ya kama ci. Galaksin da muke ciki, wato babban garken taurarin da ranarmu take cikinsa, har yanzu tana haihuwa amma kaɗan kaɗan, kamar tauraro ɗaya ko biyu masu nauyin ranarmu a shekara. Wasu galaksi kuwa sun daina gaba ɗaya, shi ne abin da ya fi taɓa ni. Ko iskar ta ƙare kamar rumbu a bazara, ko baƙin ramin da ke tsakiyarsu, wato wuri mai tsananin nauyi da ko haske ba ya kuɓuce masa, ya zafafa ta ya watsar, kuma iska mai zafi ba ta dunƙulewa. Irin su galaksin M87 ke nan da aka fitar da hoton raminta a 2019, tsofaffin taurari jajaye ne suka cika ta.

Yaranmu na lakwal suna son sani sosai, Faransanci ne ke tare su.

Naku,
wani uba daga Birni, Zinder