Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Masu Haɗa Gine-ginen Takarda don Wasannin Tebur

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Ga bayanin ayyukan da muka gudanar a shekarar da ta ƙare, kamar yadda kwamitin gudanarwa ya ɗora mini alhakin kawo muku. Rahoton kuɗi yana hannun ma'aji, zai gabatar da shi daban.

Babban sauyin bana shi ne mun daina buga zanen gini mu haɗa shi yadda ya zo. Kowane gida, ganuwa ko gada sai mun gyara shi ya dace da wasan da za a yi a kansa. Tun zaman farko kuwa muka ga cewa gyaran ba zai yi amfani ba sai mun haɗu a kan ma'auni ɗaya. Da aka jera gine-ginen mambobi a tebur guda, na wani ya ɗara na wani, wata ƙofar ma ɗan mutum-mutumin da ake wasa da shi a tebur ba ya shiga cikinta. Da muka bincika, matsalar daga wajen bugawa take. Zanukan da ake tsarawa a Amurka galibi a kan takardar Letter suke, mai milimita 216 da 279, ita kuwa A4 tana da 210 da 297. In aka bar firinta ta daidaita shafi da kanta, sai ta rage zanen ba tare da an lura ba.

Saboda haka muka kafa ƙa'ida: a riƙa bugawa a kan kashi 100, wato ainihin girman zanen, kuma a sa rula a auna murabba'in gwaji, wanda ake bugawa don tabbatar da girman, kafin a taɓa wuƙa. Mun tsayar da ma'aunin 'yan mutum-mutumi masu tsayin kusan milimita 28, da daɓe mai gida-gida na inci ɗaya, wato milimita 25.4, wanda a wasan Dungeons & Dragons yake matsayin ƙafa 5. Faɗin ƙofa kada ya gaza milimita 30, tunda gindin yawancin 'yan mutum-mutumin 25 ne. Masu wasa da ma'aunin milimita 15 suna rage zanen zuwa kusan kashi 54, sai dai kunnuwan da ake shafa wa gam suna ƙanƙancewa har su gagari yatsa, don haka aka koya musu faɗaɗa su a manhajar zane ta Inkscape kafin bugawa. A ganina wannan ƙa'idar ita ce aiki mafi tsoka da muka yi bana, domin yanzu kowa zai iya zuwa da nasa a haɗa gari ɗaya.

Zaman koyarwa ya fi karkata ga kayan aiki. Takarda mai giram 80 (nauyin murabba'in mita ɗaya nata ke nan, wanda ke nuna kaurinta) ba ta riƙe bango. Mai 160 zuwa 200 ita muka fi jin daɗinta, wadda ta fi haka kauri kuma tana tsagewa a wajen ninki, wasu firintocin ma ba sa janta. An nuna wa sababbin shiga yadda ake jan layi da bayan wuƙa kafin a ninke, da yadda ake shafa farin gam kaɗan-kaɗan, saboda ruwan cikinsa yana lanƙwasa takarda, yana kuma iya jiƙa tawada ta malale. Daɓe da gada muna manna su a kan allon soso mai milimita 5.

Akwai abin da nake roƙon kowa kada ya raina: shafa launi a bakin yanka. Duk kyan zane, farin layin nan da ke fitowa a kusurwa shi ne yake tona cewa takarda ce. A bi shi da maka ruwan toka ko ruwan ƙasa, daga bayan takardar, kafin a manna. Aikin yana cin lokaci, amma waɗanda suka jure sun ga bambanci a tebur.

Wajen sauya kamanni, mambobi sun yi rawar gani. Da manhajar gyaran hoto ta GIMP aka mayar da gida ɗaya kala-kala: wani ya tsufa bangonsa ya tsattsage, wani gansakuka ta hau shi, wani wuta ta lashe rabinsa. An kuma mayar da rufin gidaje mai ɗaguwa, domin a iya wasa a cikin ɗaki. Wasu 'yan kaɗan sun fara gwada Pepakura Designer, manhajar da ke warware siffar gini zuwa shafin da za a yanka. Muna tunatarwa cewa zanen da aka saya ba a rabawa ko da an gyara shi, sai in sharaɗin mai shi ya yarda. A ma'ajiyar ƙungiya muna karɓar namu na kanmu ne kawai, da waɗanda lasisinsu ya ba da dama.

Abin da bai kammala ba shi ne ajiya. Gine-ginen sun yi yawa, danshi ya ɓata wasu, wasu sun motse a kwali. Kwamiti ya ba da shawarar baɗi mu mayar da hankali ga gine-gine masu ninkuwa, waɗanda ƙananan maganaɗisu ke riƙewa. Duk mai son shiga wannan aiki ya ba da sunansa a taro mai zuwa, ya kuma zo da gini ɗaya da za a gwada a kansa.

Sakataren Ƙungiya