Attajirin Amurka mai karta da samarin Tudun Wada

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini saboda wata gardama da muka yi da ɗan yayana a shagona da ke Kasuwar Barci. Na kama shi yana zuba kuɗin ciniki a cacar ƙwallo ta waya, na yi masa faɗa, sai ya miƙo mini wayar ya ce, "Baffa, kalli wannan. Babban ɗan kasuwa ne a Amurka, kuma karta yake yi a bainar jama'a." Ban ce masa komai ba a lokacin. Da na koma gida na sa ɗiyata ta nemo mini labarin mutumin.

Sunansa David Einhorn. Shi ya kafa kamfanin juya kuɗin jari mai suna Greenlight Capital a 1996, kuma shi ne ya fito fili a 2008 ya ce bankin Lehman Brothers na ɓoye ɓarakarsa, watanni kaɗan kafin bankin ya durƙushe a watan Satumba. Kartar da yake yi ita ce poka, inda ake ba kowa kati biyu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiya, kowa yana ƙara kuɗi ko ya zubar da katinsa ya fita. A babbar gasar duniya ta birnin Las Begas a 2006, mutum 8,773 suka shiga, kowa da dala dubu goma. Ya zo na goma sha takwas, ya samu sama da dala dubu ɗari shida da hamsin. A 2012 kuma aka yi wadda kuɗin shigarta dala miliyan guda ne, mutum 48 kacal, ya zo na uku da fiye da dala miliyan huɗu.

Na zauna na kalli bidiyon wasansa har sau biyu, Allah Ya yafe mini. Abin da na gani mutum ne mai haƙurin tsiya. Sai ya yi ta zubar da kati, zagaye bayan zagaye, fuska ba yabo ba fallasa, yana karantar na kusa da shi kamar yadda dillali ke karantar mai saye tun kafin ya taya. Ba ya tura kuɗi sai lissafinsa ya fita. Ɗan yayan nawa kuwa kowane wasa sai ya shiga, daga na Ingila har na ƙasar da bai san inda take a taswira ba.

Sannan ga abin da yaron bai faɗa mini ba, don bai sani ba. Kuɗin 2006 mutumin nan bai kai gida ba. Ya ba wa gidauniyar Michael J. Fox mai binciken cutar karkarwar jiki. Na 2012 ma ya ba wa wata ƙungiya mai tallafa wa makarantu, City Year. Wato abincin gidansa ba daga teburin karta yake fitowa ba. Miliyan ɗin da ya zuba, ko ta tafi, iyalinsa ba za su kwana da yunwa ba.

Kada a ɗauka ina wanke shi ne. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya wuri guda, kuma sadaka da kuɗin caca ba ta halatta ta. Ƙorafina shi ne yadda ake yanko wa yaranmu daƙiƙa talatin na bidiyo, lokacin da ake tura wa mutum tulin kuɗi, a bar awanni goma da ya yi yana zaune shiru. Ina roƙon wakilanku su zaga shagunan caca na Tudun Wada, Rigasa da Kawo ranar Asabar da yamma, su tambayi masu layi daga ina kuɗin hannunsu ya fito.

Shi dai nawa, dubu arba'in ɗin da ya ɗiba ina cirewa daga albashinsa, dubu biyar-biyar duk wata.

Naku,
Wani mai sayar da yadi,
Kasuwar Barci, Kaduna