A auna cunkoson titunan Kano kafin a ƙara zuba siminti

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan cunkoson ababen hawa a birnin Kano. Kowa na kuka da shi, daga ɗan kasuwa har ɗan makaranta, amma da wuya ka ji an tsaya an tambayi yadda ake auna shi. Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi ritaya, kuma abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai wani aiki ne da na taɓa yi tun ina saurayi.

Ina ɗalibi, a wani dogon hutu, aka ɗauke mu aikin ƙidayar motoci a wata mahaɗa. An ba kowannenmu ɗan katako da takarda a maƙale, da fensir, aka haɗa mu da mai riƙe agogo. Takardar an tsaga ta gida-gida: ƙaramar mota, bas, babbar mota, babur, keke. Abin hawa ya wuce, ka ja layi ɗaya. In sun kai huɗu, na biyar sai ka ja shi a gicciye kamar ɗaurin itace. Duk bayan minti 15 mai agogo ya ɗaga hannu, kowa ya koma sabon layi. Wani yana ƙirga masu miƙewa, wani masu yin dama, wani masu yin hagu. Tun sanyin safiya muke tsaye har rana ta take, mu sha ruwa, mu koma har magariba.

Da aka tattara takardun, injiniyan da ke kula da mu ya baje su a kan tebur ya nuna mana abin da idonmu bai gani ba duk da mun wuni a wurin. Mu duka mun ɗauka titin ne ya yi ƙanƙanta. Ashe masu yin hagu ne matsalar. Tunda a hannun dama muke tuƙi, duk mai son yin hagu sai ya ratsa ta gaban masu tahowa, to kafin ya samu sarari ya tare duk wanda ke bayansa. Faɗin titin ya isa. Abin da babu shi ne layin da masu yin hagu za su tsaya su kaɗai, da lokacin da za a ba su hannu su wuce. Tun daga ranar na daina yarda da ido kaɗai a kan maganar titi.

Yanzu aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai robar da ake shimfiɗawa a gicciye a kan titi, duk tayar da ta taka ta sai ta ƙirga. Akwai wayar da ake binnewa a cikin kwalta tana jin ƙarfen mota. Akwai kyamara. Ga kuma wayoyin hannu da ke aljihun direbobi da fasinjoji, waɗanda da su ne Google Maps ke sanin inda tafiya ta tsaya har ya shafa wa titi ja. Amma ma'aunin da ya fi kowanne ma'ana ga talaka shi ne lokaci. A ɗauki tafiya daga Hotoro zuwa Bata, a auna ta da asuba lokacin da titi yake fayau, a sake auna ta da ƙarfe 8 na safe da kuma bayan la'asar. Bambancin da ke tsakani, shi ne cunkoso. In tafiyar minti 20 ta koma minti 40, to an ci wa kowane mai bin hanyar rabin lokacinsa, an kuma ƙone man da tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san zafin kuɗinsa.

Ba na raina aikin da aka yi a Kano. Wanda ya san Ƙofar Nassarawa kafin a yi mata gadar sama a zamanin Kwankwaso ya san an samu sauƙi. Haka shataletalen Dangi da na Hotoro da aka mayar gadoji a zamanin Ganduje, ga kuma Tal'udu da Ɗan Agundi da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗauko. Kuɗin jama'a ne masu yawa, kuma aikin a bayyane yake. Sai dai a ranar buɗe gada abin da muka saba ji shi ne tsawonta da kuɗin da ta ci. Ni abin da nake so a ƙara mana shi ne minti. Kafin a fara aikin, minti nawa ake yi daga nan zuwa can? Bayan shekara ɗaya da buɗewa, minti nawa ake yi? Kuma mahaɗar da ke gaba da gadar, ta samu sauƙi ne ko kuwa cunkoson ne ya yi ƙaura ya koma can? Gada tana raba masu haɗuwa a wuri ɗaya, amma motocin da ta saki da gudu dole su sauka a wani wuri.

Na ga haka da idona. Wata ranar Litinin bayan la'asar na sauka daga mota a gindin wata gada, na tsaya a inuwar wani shago na kusan awa ɗaya ina kallo. A saman gadar motoci na tahowa salin alin. Suna saukowa sai su tarar da 'yan adaidaita sahu sun yi layi biyu suna lodi, saboda nan fasinja ke tsayawa kuma ba a ware musu wani wuri ba. Gaba kaɗan mai lemo da mai rake sun kafa baro a kan kwalta, don hanyar masu tafiya a ƙasa teburan 'yan tireda sun cinye ta. Su kuma masu tafiya a ƙasa suka gangaro cikin titi. Can gaba wata babbar mota ta tsaya ana sauke katan-katan, 'yan dako na kai da kawo. Titin da aka yi wa layi uku ya koma layi ɗaya. Wata dattijuwa da jikarta suka tsaya kusa da ni suna neman tsallakawa, sau uku suna sa ƙafa suna janyewa, sai da wani yaro mai sayar da ruwa ya shiga gaba ya ɗaga hannu sannan suka wuce. Babu ko ɗaya daga cikin mutanen nan da ya fito don ya ɓata wa wani. Kowa abincinsa yake nema a inda ciniki yake. Amma abin da ya toshe wurin ba ya buƙatar siminti ko buhu ɗaya a sama. Yana buƙatar wurin lodi a gefe, da lokacin sauke kaya da dare ko da sassafe, da wurin da mai lemo zai koma wanda mai saye zai iya samunsa.

Maganar adaidaita sahu ita ce ta fi buƙatar ma'auni, don a kanta aka fi yanke hukunci cikin gaggawa. Mu tuna yadda muka zo nan. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka kawo waɗannan babura masu ƙafa uku, musamman don a sama wa mata abin hawa na mutunci, har suka ɗauki sunan shirinsa na A Daidaita Sahu. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa ɗaukar fasinja. Dubban matasa suka koma sahu, kuma gari ya rataya a wuyansu. Da suka tafi yajin aiki a Janairun 2022, mun ga yadda mata da yara da tsofaffi suka yi ta tafiya a ƙasa. A ƙarshen Nuwamban shekarar aka sanar da hana su bin wasu manyan tituna, da cewa bas-bas ɗin da gwamnati ta sayo za su maye gurbinsu, kafin a je ko'ina aka janye dokar saboda kukan jama'a. A ganina niyyar ba ta da laifi. Bas ɗaya mai cin mutum 40 tana kwashe abin da sahu 10 za su ɗauka, kuma wurin da take ci a titi bai kai nasu ba. Amma kafin a ce wa sahu ya bar titi, dole a san mutum nawa ke bin titin a awa ɗaya da safe, daga ina suke, ina za su, sannan a lissafa bas nawa za ta ɗauke su ba tare da sun yi awa suna jira a rana ba. Wannan ƙidayar mutane ce, ba ta motoci ba, kuma ita ce aka fi mantawa da ita.

Akwai birnin da ya burge ni a wannan fanni, wato Stockholm, babban birnin Suwidin. A 2006 suka ce za su gwada karɓar kuɗi daga motocin da ke shiga tsakiyar gari a lokacin aiki. Ba su kafa dokar kai tsaye ba. Gwaji suka yi daga Janairu zuwa Yuli, suna ƙirga motoci kafin gwajin da lokacinsa, suna bayyana wa jama'a sakamakon. Motocin da ke ratsa iyakar suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Sannan aka dakatar, aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi a watan Satumba, mutanen birnin suka amince, aka mayar da tsarin na dindindin a 2007. Kada a fahimce ni ba daidai ba, ba cewa nake a sa wa Kanawa harajin shiga Kwari ba. Nauyin da ke kan mutane ya isa haka. Abin koyi a nan shi ne tsarin: a gwada na ɗan lokaci, a auna, a faɗa wa mutane gaskiyar abin da aka gani, in bai yi ba a janye ba tare da jin kunya ba. Ko a nan gida, Legas ta ware wa bas layinta ita kaɗai daga Mile 12 zuwa CMS tun 2008, kuma ba a kai ga zaɓen wannan hanya ba sai da LAMATA, hukumar sufuri ta Legas, ta yi nazarin zirga-zirgar birnin.

Wani abin da ke dagula lamarin a Kano shi ne yawan masu hannu a titi ɗaya. Titin Zariya da na Katsina da na Maiduguri hanyoyin gwamnatin tarayya ne. KAROTA, hukumar jiha wadda aka kafa a 2012, ita ke kula da zirga-zirga. KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ke ba da izinin gini. Tashoshin mota da kasuwanni kuwa, kundin tsarin mulkin 1999 ya sa su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma ƙwaryar birnin nan ƙananan hukumomi takwas ne: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso. In aka ba da izinin gina rukunin shaguna ba wurin ajiye mota, ko aka bar tasha ta malalo kan kwalta, jami'in da ke tsaye a rana yana ba da hannu shi ne zai sha zagin direbobi a kan abin da ba shi ya ƙulla ba. Ina ganin lokaci ya yi da waɗannan hukumomi za su riƙa zama a kan takarda ɗaya mai ɗauke da alƙaluma ɗaya. Kuma in za a yaba wa jami'in titi, a yaba masa da yadda mahaɗarsa ke tafiya, ba da yawan tarar da ya tara ba. Duk abin da aka sa a ma'auni, shi ma'aikaci zai bi.

Aikin nan ba ya buƙatar a ɗauko ƙwararru daga Turai. Jami'ar Bayero na da sashen tsara birane da na injiniyan gine-gine, ga jami'ar Wudil, ga kwalejin fasaha ta jiha. Ɗaliban nan suna neman inda za su yi aikin koyon sana'a. A raba su a manyan mahaɗu kamar yadda aka raba mu, sau biyu a shekara, da rani da damina, don titin da ruwa ya kwanta a kansa saboda toshewar kwata wani titi ne daban. A kuma auna ranakun da Kano ta sha bamban da sauran garuruwa: bayan sallar Juma'a, da gab da shan ruwa a watan azumi, da makon da ake shirin sallah lokacin da baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru ke cika Kantin Kwari da Singa. Da waɗannan alƙaluman ne za a saita fitilun danja su ba kowane ɓangare lokacin da ya dace da yawan motocinsa, maimakon a bar su suna sakin titin da babu kowa alhali ɗayan ya cika har ya toshe mahaɗar baya.

Ranka ya daɗe, kai ma akwai abin da jaridarka za ta iya yi tun kafin hukuma ta motsa. Ka zaɓi hanyoyi uku, misali Na'ibawa zuwa Ƙofar Nassarawa, Rijiyar Zaki zuwa Kantin Kwari, da 'Yankaba zuwa Bata. A ranar Talatar farko ta kowane wata, wakilinka ya hau sahu da ƙarfe 8 na safe da kuma ƙarfe 5 na yamma, ya duba agogo, ku buga mintunan da ya yi a wani ɗan gurbi na shafin gari. Cikin shekara ɗaya za ku tara abin da ɗan majalisa da kwamishina da mai unguwa za su iya yin muhawara a kansa. In kuna buƙatar wanda zai tsaya a mahaɗa da takarda da fensir, ina nan, kuma zan zo da tsofaffin ɗalibaina.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Hotoro, Kano.